Tsofaffin motocin iyali masu sufacaja: daga ina ƙarfinsu ya fito, kuma me ya rage wa masu son su a Legas?

Tun daga shekarar 2022, lokacin da Hukumar Kwastam ta fara ƙiyasta harajin mota ta hanyar lambar shasinta, aka kuma rage iyakar tsufan motar da za a shigo da ita Najeriya daga shekara 15 zuwa 12, ƙofa ta ida rufewa ga wani rukuni na motoci da suka yi tashe a titunan Legas. Su ne motocin salun masu ƙofa huɗu waɗanda a ido ba su bambanta da motar kai yara makaranta ba, amma an ɗora wa injinsu na'urar sufacaja mai cusa masa ƙarin iska, kuma wadda aka fi sani a cikinsu a nan ita ce Mercedes-Benz mai tambarin Kompressor a bayanta. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara dagula wa masu su lissafi, sai ga shi a majalisun direbobi da makanikai na Agege da Idi-Araba da Mile 12 ana yawan tuna su ana yaba wutarsu, a daidai lokacin da wasu daga masu riƙe da su ke cigiyar mai saye.

Wannan hali ya bar mutane da tambayoyi. Wasu sun ɗauka dokar ta hana tuƙa tsohuwar mota gaba ɗaya, wasu na shakkar ko ƙarfin da ake ba da labari gaskiya ne, wasu kuma sun ga farashin irin waɗannan motoci ya yi ƙasa da na takwarorinsu na Japan suna tunanin ko dama ce ta samu.

Mece ce sufacaja, kuma me ya raba ta da turbo?

Injin fetur yana samar da ƙarfi ne ta hanyar ƙona cakuɗen iska da mai a cikin silinda, kuma abin da ya fi taƙaita wannan ƙarfi shi ne yawan iskar da ta samu shiga. Domin giram ɗaya na fetur ya ƙone sarai yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska, saboda haka ƙara mai ba tare da ƙara iska ba babu abin da yake haifarwa sai baƙin hayaƙi da toshewar fulogi. A injin da ba shi da wata na'urar taimako, fiston ne ke zuƙo iskar da kansa yayin da yake sauka, kuma ba zai iya zuƙo fiye da abin da girman silindar ya ba shi dama ba. Sufacaja famfo ce ta iska wadda bel ke juyawa kai tsaye daga injin, tana cusa iska a cikin silinda da matsi, yawanci ƙarin kusan rabin matsin iskar da muke shaƙa a irin motocin da ake magana a kansu. Aikinta ɗaya ne da na zugazugi a maƙera, domin gawayin bai canza ba, iskar da aka ƙara masa ce ta sa wutar ta narkar da ƙarfe. Hasali ma nau'in da aka fi sawa a waɗannan motoci ya samo asali ne daga famfon da 'yan'uwan nan biyu, Philander da Francis Roots, suka yi wa rajista a Amurka a 1860, wanda aka daɗe ana hura tanderun narka ƙarfe da shi kafin a kai shi ga mota.

Turbo ma iska take cusawa, sai dai hayaƙin da ke fita ta salansa ne ke juya ta. Ke nan dole ta jira injin ya ɗauki juyi, hayaƙi ya yi ƙarfi, kafin ta fara aiki sosai, kuma a turbo na shekarun 1980 da 1990 wannan jinkiri a fili yake ga duk wanda ya taka totur. Sufacaja ba ta da wannan jira, tunda tana juyawa ne tare da injin. Kuɗin da take karɓa a madadin haka shi ne wani kaso na ƙarfin injin da ke tafiya wajen juya ta, wanda ke nufin ƙarin shan mai duk lokacin da aka matsa mata.

Akwai ma'auni biyu da ake yawan gwamutsawa. Ƙarfin doki yana nuna iyakar aikin da inji zai iya yi idan ya kai ƙololuwar juyinsa, shi kuwa ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm, yana nuna yadda injin ke murɗa taya a kowane mataki na juyi. Direban da ya ce mota tana ja, ko tana tashi da zarar an taɓa ta, ƙarfin murɗawa a ƙananan juyi yake siffantawa, kuma a nan ne sufacaja ta fi nuna kanta.

Yadda ta shiga motar iyali

Kamfanin Mercedes ya nuna motoci masu sufacaja a bajekolin Berlin tun 1921, amma na tsawon shekaru na'urar ta tsaya ne a motocin tsere da na masu hannu da shuni. A shekarun 1990 ne ta sauko cikin motar gida, ta hanyoyi biyu daban.

A Amurka, kamfanin General Motors ya ɗora sufacaja ƙirar Eaton a kan injinsa mai silinda shida da ake kira 3800, ya sa shi a manyan motoci irin su Buick Park Avenue Ultra da Pontiac Bonneville SSEi. Daga 1997 injin ya shiga Pontiac Grand Prix GTP da Buick Regal GS yana ba da ƙarfin doki 240 da ƙarfin murɗawa kimanin Nm 380, alhali irinsa marar sufacaja yana tsayawa ne a wajen doki 200. Buick mota ce da a can ake dangantawa da dattawa da ma'aikatan da suka yi ritaya, shi ya sa ganin ta kai kilomita 100 a sa'a cikin kimanin daƙiƙa 7 ya riƙa bai wa mutane mamaki, har aka riƙa lissafa ta cikin motocin da kamanninsu ke ɓoye abin da ke cikinsu. Waɗannan ba su taɓa yawa a Najeriya ba, kodayake wasu sun shigo ta tashoshin Apapa da Tin Can cikin tokunbon Amurka.

Wadda ta zama ta gida a Legas ita ce ta Jamus. A tsakiyar shekarun 1990 Mercedes ta fitar da C230 Kompressor, mai silinda huɗu da girman lita 2.3, wadda ke ba da doki 193 a ma'aunin Turai, yayin da injin mai wannan girma marar sufacaja ke ba da 150. Abin da ya fi wannan adadi muhimmanci shi ne ƙarfin murɗawarta na Nm 280 yana samuwa tun daga juyi 2,500 a minti, ya kuma tsaya a haka har zuwa 4,800. Ƙirar da ta biyo baya daga shekarar 2000 ta zo da C180 da C200 Kompressor, waɗanda suka cika filayen sayar da motoci na Berger da na Kwatano. A saman jerin kuma akwai E55 AMG ta 2003 zuwa 2006, mai silinda takwas da doki 476 da Nm 700, wadda kamfanin ya ce tana kai kilomita 100 a sa'a cikin daƙiƙa 4.7, ga shi kuma tana iya ɗaukar mutum biyar da kayansu a but.

Ƙarfin gaskiya ne ko zaƙin tuna baya?

Masu yabon waɗannan motoci suna da hujja mai ƙarfi idan aka auna su da abin da ke kan titi a zamaninsu. Wanda ya taso a cikin Peugeot 504 ta Kaduna, wadda injinta bai kai doki 100 ba, ko ya saba da Toyota Camry mai lita 2.2 ta 1997 zuwa 2001 da ke ba da doki 133 da ƙarfin murɗawa kusan Nm 200, idan ya hau C230 Kompressor zai ji bambanci tun daga fitowa mahaɗar titi. Ba sai ya jira giya ta sauko ba kafin ya wuce tirela a titin Legas zuwa Ibadan, kuma na'urar sanyaya ɗaki da fasinja huɗu ba sa kashe mata gwiwa kamar yadda suke yi wa ƙaramin inji. Ga kuma siririn kukan da sufacaja ke yi idan an taka ta, wanda direbobi da yawa suka riƙe a matsayin alamar motar.

Masu shakka su ma ba su rasa abin kamawa ba. Suna nuni da cewa Honda Accord mai silinda shida ta 2003, wadda 'yan kasuwa suka laƙaba wa End of Discussion, tana ba da doki 240 ba tare da sufacaja ba, daidai da Grand Prix GTP. Camry ta 2018 mai silinda huɗu kacal tana ba da doki 203, mai silinda shida kuma 301, sannan giyarta takwas ce, ba huɗu ko biyar irin na tsofaffin ba. C200 Kompressor ta farkon shekarun 2000, wadda ita ce aka fi gani a nan, doki 163 gare ta, adadin da motocin haya na manhaja da yawa ba su yi nisa da shi ba a yau. A ganinsu, abin da mutane ke kewa shi ne ƙuruciyarsu da lokacin da mai ke araha.

Idan aka ɗora hujjojin biyu a sikeli, kowane ɓangare yana auna abu daban ne. Masu shakka suna duba ƙololuwar ƙarfi, kuma a nan gaskiya tana tare da su, in ban da irin su E55 waɗanda har yau ba kowace sabuwar mota ke kamo su ba. Masu yabo kuwa suna tuna yadda ƙarfin ke zuwa, wato nan take kuma a ƙananan juyi, inda tuƙin cikin gari yake gudana. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tsayar da kilomita 100 a sa'a ga ƙananan motoci a manyan tagwayen hanyoyi, kuma ko a Gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 ba kasafai cunkoso ke barin direba ya kai hakan da safe ba. Ƙololuwar dokin inji abu ne da direban Legas zai iya shekara bai taɓa shi ba, amma yadda mota ke amsa totur daga kilomita 20 zuwa 60 yana jin sa sau ɗari a rana. Ƙari a kan haka, yawancin motocin zamani an tsara kwamfutarsu ta riƙa sassauta amsar totur da gaggauta hawa giya domin tsimin mai, abin da ke sa mota mai doki 200 ta yi kamar mai nauyin jiki har sai an danna ta sosai. Saboda haka kewar tana da tushe a cikin ƙirar injin, kodayake ba ta nufin tsohuwar ta fi sabuwar gudu.

Akwai kuma abin da masu yabo ba su cika faɗa ba. Matse iska yana ɗumama ta, iska mai zafi kuma tana sa mai ya kama wuta kafin lokacinsa. Kwamfutar injin tana gane haka ta jinkirta tartsatsin fulogi domin ta kare fiston, wanda ke rage ƙarfi. An ƙera waɗannan injuna ne domin fetur mai babban maki, wato wanda ba ya saurin kama wuta kafin lokaci, irin wanda ake ware wa famfo na musamman a Turai da Amurka, alhali gidajen man Najeriya nau'i ɗaya suke sayarwa. Idan aka haɗa wannan da zafin rana da tsayuwar sa'a guda a cunkoson Oshodi ko Ojota, za a gane cewa da yawa daga motocin nan ba su taɓa ba da cikakken adadin da ke rubuce a takardarsu ba a nan.

Me ya sa kamfanoni suka daina?

Dalilin farko doka ce. A 2009 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar rage iskar kabon da sababbin motoci ke fitarwa zuwa matsakaicin giram 130 a kowace kilomita, kuma na'urar da ke cin ƙarfin inji domin ta juya ba ta dace da wannan lissafi ba. Na biyu, turbo ta gyaru, domin ƙananan turbo masu saurin ɗaukar juyi da tsarin fesa mai kai tsaye cikin silinda sun rage jinkirin da aka san ta da shi. Mercedes ta maye gurbin Kompressor da injunan turbo a wajen 2010. General Motors ya rufe aikin injin 3800 a garin Flint a 2008, ya kuma kashe sunan Pontiac baki ɗaya a 2010 bayan karayar arzikin da ya yi.

Abin da dokar shekara 12 ta shafa

Dokar ta shafi shigo da mota ne daga waje. Ba ta hana mallaka ko tuƙa ko sayar da motar da ta riga ta shigo bisa ƙa'ida ba, komai tsufanta. Abin da ake nema ga irin wannan a Legas shi ne takardun Kwastam na asali, da rajista, da inshora, da shaidar lafiyar mota, wadda tun farkon 2022 gwamnatin jihar ta ce ba za a bayar ba sai an kai motar cibiyar bincike ta kwamfuta. Tunda Kompressor ta ƙarshe ta fito ne a wajen 2010, babu wata a cikinsu da ta rage a cikin iyakar, kuma tun watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa irin su Seme. Duk wadda aka tallata a yau da sunan sabuwar shigowa ta cancanci a binciki takardunta da kyau, domin motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya Kwastam na iya kama ta a hannun wanda ya saya.

Masu goyon bayan dokar suna cewa tana rage jibge gajiyayyun motoci a ƙasar, tana rage hayaƙi da haɗurra, tana kuma bai wa masu harhaɗa motoci a cikin gida fili. Rahoton da Shirin Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙarfafa musu gwiwa, inda ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Dillalai da masu fitar da kaya a tashar ruwa kuwa suna cewa shekara ba ita ce ma'aunin lafiyar mota ba, kuma hana matsakaicin ma'aikaci tokunbo mai araha yana tilasta masa ci gaba da lallaɓa wadda ta fi ta tsufa. Hujjarsu ta ƙara nauyi bayan an saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024, harajin Kwastam ya bi ta. Raunin hujjar tasu shi ne an daɗe babu wani tsari tsayayye da ke tantance lafiyar kowace mota kafin a loda ta a jirgi, wanda in da akwai shi da ba a bukaci dogaro da shekara kaɗai ba.

Lissafin mai mota da na mai shirin saye

Fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a Legas kafin 29 ga Mayun 2023 ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A matsayin misali, idan mota ɗaya tana shan lita 13 a kilomita 100 cikin gari, wata kuma 10, wanda ke tafiyar kilomita 1,000 a wata zai ga bambancin lita 30. A da wannan bai kai naira 6,000 ba, a farashin naira 1,000 kuwa 30,000 ne. Adalci ne a faɗa cewa ƙananan Kompressor masu lita 1.8 ba su da mugun shan mai idan aka bi su a hankali, domin akwai bawul da ke barin iska ta zagaye na'urar lokacin da ba a bukatar ƙarfi. Manya masu silinda shida da takwas ne wannan lissafi ya fi dannewa.

Abin mamaki ga wanda bai sani ba shi ne ita sufacajar ba ita ce ta fi lalacewa ba. Tana da ɗan mai nata daban wanda ake mantawa da shi, da bel da ke tsufa, da wani mahaɗi a bakinta da ke fara ƙara idan ya cinye, kuma duka ukun gyaransu mai yiwuwa ne. Abubuwan da ke kewaye da ita ne ke cin kuɗi. Injin Mercedes mai lita 1.8 da ake kira M271 an san shi da miƙewar sarƙar taimin da cinyewar haƙoran da take hawa, da kuma yoyon baƙin mai da ke bin wayoyi har ya kai ga kwamfutar injin. Wasu C-Class na farkon shekarun 2000 lagiretonsu na barin ruwa ya shiga man giya. E55 tana da birki mai aiki da lantarki da kuma ƙafafu masu iska, waɗanda gyaran kowannensu kan kai wani kaso mai tsoka na kuɗin motar. A ɓangaren Amurka, General Motors ya yi kiranye ga Regal GS da Grand Prix GTP sama da 200,000 a 2008 saboda baƙin mai da ke ɗiga kan bututun hayaƙi mai zafi yana haddasa gobara, kuma wanda ke da irinsu a nan ya kamata ya sa a duba murfin bawul ɗinsa.

Kayan gyaran Mercedes suna samuwa a kasuwar Ladipo, amma yawancinsu cire su aka yi daga motocin da suka yi shekaru daidai da wadda za a gyara, kuma tunda sababbin motocin ba sa shigowa, nagari a ciki za su riƙa raguwa suna tsada. Na Buick da Pontiac sau da yawa sai an yi odarsu da dala. Damina ma tana da nata haɗari, domin waɗannan motoci gajeru ne, kuma injin da ya zuƙi ruwa a ambaliyar Lekki ko Ikorodu yakan lanƙwasa sandar fiston nan take. Wanda motar ita ce hanyar abincinsa, ko ita kaɗai ce a gidan, lissafin bai cika goyon bayansa ba. Wanda kuwa yake da wata motar ta yau da kullum, yake kuma da makanike mai na'urar binciken kwamfuta da ya san wannan inji, zai iya riƙe ta da kuɗin da bai wuce kima ba, muddin ya saye ta bayan an ji ƙarar injin da sanyin safiya, an duba sarƙar taimin da launin man giya.

Ga mai son irin wannan amsa ta totur a motar da doka ta yarda a shigo da ita, zaɓin ya koma na masu tsada. Jaguar ta ci gaba da sa sufacaja a XF da XJ a shekarun 2010, Volvo ta haɗa ta da turbo a injinta na T6, Audi kuma ta riƙe ta a injin lita 3.0 na A6 har zuwa ƙirar 2018. Idan iyakar shekara 12 ta tsaya yadda take, wannan A6 ɗin za a iya shigo da ita ta Apapa ko Tin Can har zuwa 2030.